Wasiyyar da Aka Faɗa a Bayan Labule

Ba a kai ga naɗe tabarmin makokin Honorabul Nuhu ba aka fara liƙa fasta a katangar gidansa da ke GRA. Hotonsa a sama, yana murmushin nan nasa na gefen baki, hoton wansa Alhaji Babaji a ƙasa, ya sha babbar riga yana kallon sama kamar mai jiran wahayi. Kujerar da Nuhu ya bari a majalisar jiha ba ta ko huce ba, jam'iyya ta sa ranar zaɓen fidda gwani, kuma mutum huɗu suka sayi fom. Babaji ne ya fara saye, ran sadakar uku da hantsi, kafin ya zo ya zauna karɓar gaisuwa da jajayen idanu.

Iklima, matar marigayin, ba ta ga fastar ba. Mai takaba ba ta leƙa ƙofar gida. Tana uwar ɗaka bisa tabarma, da hijabi mai ruwan ƙasa, da 'yar wuƙar da surukarta Hajiya Fatsuma ta danƙa mata ta ce kada ta rabu da ita sai ta fita. Wata huɗu da kwana goma ne a gabanta, kuma ba su ne suka dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a ƙirji saƙo ne.

Ran da Nuhu zai cika, bayan la'asar, su biyu ne kaɗai a ɗakin asibiti. Ya riƙe hannunta ya ce, "Ki hwaɗa ma Yaya, takardun hilin Lawwali da ya amsa a hannuna, ya maida ma Delu da ɗiyanta. Amana aka ba ni. Kar a bari in tahi da ita a wuya." Daga nan sai salati, bai ƙara wata maganar duniya ba.

Ta san zancen. Lawwali ɗan baffansu ne, tela, ya rasu shekara uku da suka wuce ya bar matarsa Delu da 'ya'ya mata huɗu a ɗakin haya a Ƙofar Kwaya. Fili ɗaya ya mallaka a bayan Ƙofar Kaura, ya ba Nuhu ajiyar takardunsa. Babaji ya karɓa da sunan zai kai a sabunta, shi ke nan an sabunta su a cikin durowarsa. Nuhu kuwa, mutumin da ke miƙewa ya yi wa kwamishina tsawa a zauren majalisa, bai taɓa iya ɗaga ido ya dubi wansa ba.

Ran bakwai ta aika a kira mata Babaji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu. Aka gaisa, aka tambayi haƙuri, aka sake tambaya. Sannan ta faɗa masa saƙon yadda aka ba ta, ba ta rage ko harafi ba.

Ta ji yana kaɗa makullin mota.

"Allahu akbar," ya ce. "Allah shi jiƙan Nuhu. To na ji, Iklima. Bari dai hankali ya kwanta, kin ga jama'a sun yi yawa. Wanga ai ƙaramin abu ne."

Ta ji sanyi a ranta. Ita a zatonta ta sauke amanar.

Cikin mako guda gidan ya tashi daga gidan makoki ya koma ofishin kamfen. Babaji ya ce a nan jama'a suka saba zuwa, kuma gidan marigayi yana da albarka. Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka zube kujerun roba, aka ɗora manyan tukwane a bayan kicin. Daliget, wato 'yan jam'iyyar da za su kaɗa ƙuri'a su fidda ɗan takara, su sittin da uku ne, amma kowane ɗaya yana tafe da mutum biyar masu cin shinkafa. Hajiya Fatsuma ta tattaro ta dawo gidan da zama, wai don ta ɗebe wa mai takaba kewa. Suwaiba, ƙanwar su Nuhu, ita ma ta tare, ita ce mai riƙe da makullan sito da na ɗakuna. Gwaggon Iklima da ta zo daga Dutsin-ma don ta zauna da ita, sai da aka yi ta nuna mata wuri ya yi kaɗan har ta gane, ta ɗaure kayanta ta koma.

Iklima ta zama abin nuni. Duk ayarin matan da aka kwaso daga wata gunduma sai an shigo da su ɗakinta, su cika shi da zafi da turare, su ce ya haƙuri, Suwaiba kuma ta ɗora da cewa, "Kun dai ga marayu, kun ga uwarsu. Ku hwaɗa ma mazanku kar a bari kujerar ta bar gida." Wata rana ayari tara ta ƙirga. Ko walahar da ta saba yi wa mijinta addu'a a cikinta sai ta katse, don an ce matan shugabannin gunduma ba sa jira.

A irin wannan rana Delu ta zo. Ta shigo a raɓe, da tsohon mayafi da warin hayaƙin awarar da take soyawa a ƙofar gida, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa. Iklima ta ɗago kai. Ta buɗe baki ta ce, "Yaya Delu, matso kusa, akwai..."

"Mai takaba ba ta dogon zance," in ji Hajiya Fatsuma, ba tare da ta ɗago daga carbinta ba. "Suwaiba, zuba ma Delu shinkafa a leda ta kai ma yara."

Iklima ta haɗiye sauran maganar. Ta ce a ranta saƙon na Yaya Babaji ne, ta kuma isar, ba girmanta ba ne ta tsallake shi ta tona a gaban surukarta. Kunya ce ta rufe mata baki, kuma daga baya babu abin da ta tsana a duniya kamar wannan kunyar. Delu ta karɓi ledarta ta yi godiya har sau uku ta fita.

Da aka kwana ashirin ba ta ji motsin komai ba, ta sake aikawa a kira shi. Sai a aike na huɗu ya zo.

"Yaya, maganar hilin nan."

"Wane hili?"

"Na Lawwali. Wanda marigayi ya bar wasiyya."

Muryarsa ta canja, ta koma irin ta mai wa'azi. "Iklima, wasiyya ba abin wasa ba ce. Shari'a ta gindaya mata sharuɗɗa. Wa ya ji lokacin da ya hwaɗa?"

"Ni kaɗai ce."

"To kin gani. Mutum yana cikin magagin ciwo, an ɗura mashi allurai, mace guda ta ji wani abu. Ni ban ce kin yi ƙarya ba. Amma bari a wuce zaɓen nan. In Allah ya ba mu, Delu hili nawa take so? Gida zan gina mata."

"Ba ta ce a gina mata gida ba, Yaya. Nata za a ba ta."

Sai ƙarar takalminsa ta ji yana tafiya.

Da yammar ranar Hajiya Fatsuma ta zauna kusa da ita, ta dafa gwiwarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Babaji yana cikin matsi. Akwai wani ɗan kwangila a cikin 'yan takarar da ke raba babura, daliget sun fara karkata. Abu ɗaya ne zai dawo da su. Kowa ya san Iklima ce a kan Nuhu lokacin da ya cika, kuma gari duk ana tambaya ko ya bar magana. To za a tara daliget a falo, ita kuma daga bayan labule ta ce marigayi ya ce a ba wansa kujerar ya ƙarasa ayyukan da ya fara.

Iklima ta dubi tsohuwar.

"Hajiya, bai hwaɗa ba."

"Da ya samu lokaci ai da ya hwaɗa. Ni na haihe shi, na san zuciyarshi."

"Ya samu lokaci. Abin da ya hwaɗa daban ne."

"Ke yarinya, mi kike so ne? Kujerar nan in ta bar gidan nan, wa zai dubi ɗiyanki? Don su ake wanga wahala. Kalma nawa ce? Ba ki kai minti biyu."

"In yi mashi ƙarya yana kabari?"

Hajiya ta janye hannunta. "Ashe haka kike. Ɗana bai yi wata guda a ƙasa ba kin fara nuna ke ba ta gidan nan ba ce."

Daga ranar aka sa mata ido. Suwaiba ta ɗauke wayarta, wai malam ya ce yawan waya yana rage ladan takaba. Aka daina barin mata su daɗe a ɗakin. Abincinta ya koma zuwa a makare, wani lokaci sai an kwashe wa daliget a kankaro mata ƙanzo. Babaji ya aiko da malami ya yi mata nasiha daga bakin ƙofa a kan biyayya ga dangin miji, malamin da bai tambaye ta ko me aka ce ta yi ba. Suwaiba kuwa kullum da sabon salo. Yau lallashi, gobe gori.

"Ke fa kin cika taurin kai, Anti. Siyasa ce. Kowa yana ƙara gishiri. Su wancan ɓangaren har rantsuwa da Alƙur'ani suke sa mutane."

"Su ta shafa."

"To Delun nan mi ta taɓa yi maki?"

"Ba don Delu ba ne. Yayanki ne ke kwance da kayan mutane a wuya."

Suwaiba ta ja tsaki ta fita, makullai suna kaɗawa a ƙugunta.

Abin da ya fi ci wa Iklima rai shi ne babu inda za ta. Da ba takaba take ba, da ta yafa mayafi ta je Ƙofar Kwaya da ƙafarta, ko ta tafi gidan ubanta. Amma Allah ya ce ta zauna a ɗakin mijinta, su kuma suka mai da umarnin Allah ya zama kwaɗon da suka rufe ta da shi. Takaici ya hana ta cin ƙanzon ma. Ta rame har hijabin yana yi mata yawa, masu gaisuwa suna cewa kai, Iklima ta so mijinta.

Saura kwana biyu zaɓe, ranar Alhamis da azahar, Suwaiba ta shigo da fara'a ta ce yau baƙi za su yi yawa, Hajiya ta ce a mai da ita ɗakin baya don ta samu natsuwa. Iklima ta ɗauki tabarmarta da 'yar wuƙarta ta bi ta. Ɗakin ajiyar kaya ne, bangonsa ɗaya da falo. Tana shiga ta ji an murɗa makulli ta waje.

Ta ji shigowar maza, da jan kujeru, da addu'ar buɗe taro. Ta ji Babaji yana cewa shi bai so a wahalar da mai takaba ba, amma ita ta matsa, ta ce akwai nauyin da take so ta sauke. Ya roƙi jama'a su yi mata uzuri, ba za ta fito ba, kuma ba za ta ɗaga murya ba, kowa ya san hukuncin.

Sai wata murya ta taso daga bayan labulen uwar ɗakanta, ƙasa-ƙasa, tana rawa, tana shessheƙa. Muryar Suwaiba ce. Wa zai gane? A cikin mazan nan sittin da uku babu wanda ya taɓa jin Iklima ta yi magana, kuma babu mai ƙarfin halin da zai ce a ɗaga labulen mai takaba ya duba.

"Ya riƙe hannuna," in ji muryar, "ya ce, ki hwaɗa ma jama'ata, amana na bar masu. Su ba Yaya Babaji kujerar nan. Kar a bari in tahi da ita a wuya."

Iklima ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Kalmominsa ne. Kalmomin da ta faɗa wa Babaji ran bakwai, su ya adana, ya cire Delu da 'ya'yanta ya sa kansa.

Falo ya ɗauki kabbara. Wani dattijo ya fashe da kuka. Ta tashi ta dunƙule hannu ta doki ƙofar, ta sake duka, ta ɗaga muryar da aka ce kada ta ɗaga ta ce, "Ƙarya ne! Ba ni ba ce!" A daidai nan wani ya tayar da janareta a bayan tagar ɗakin, ko da yake akwai wuta. Ta yi ta duka har gefen hannunta ya fashe. Wanda ya bar wasiyya a gaban mace ɗaya an ce ba shi da shaidu, ga shi yau an samar wa ƙarya shaidu sittin da uku, kowanne da waya a ɗage yana naɗa.

Kafin magariba sautin ya zaga Katsina. Ranar Asabar Babaji ya ci da ƙuri'a arba'in da ɗaya. Aka yi ta guɗa a tsakar gidan da ba a yi arba'in da fitar da gawa ba.

Mata suka dawo, wannan karon godiya suka zo yi mata. Ta farko da ta ce Allah ya saka mata da ta fito da gaskiya, Iklima ta dube ta ta ce, "Ba ni na yi magana ba. Suwaiba ce. Abin da ya hwaɗa daban ne." Matar ta dubi Hajiya. Hajiya ta girgiza kai cikin tausayi, ta ɗan taɓa gefen kanta da yatsa, ta ce tun ranar da ta sauke nauyin nan take haka, ana dai yi mata rubutu. Matar ta ce wayyo, Allah ya sawwaƙe. Zuwa mako na gaba duk wanda zai ji ya ji cewa rasuwar ta taɓa matar Honorabul.

Babaji bai sake tsayawa a bakin labulenta ba. Ya ci babban zaɓen ma, aka rantsar da shi. Rumfa ta tashi, tukwane suka tafi, Hajiya da Suwaiba suka koma gidajensu suka bar mata bangon da ya yi baƙi da hayaƙi da wayarta da aka goge komai a ciki. Ta nemi lambar Delu, babu. Ta ƙarasa kwanakinta ita kaɗai tana ƙirga su ɗaya-ɗaya.

Ran da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfa, ta ajiye wuƙar. Ba ta jira an gama rabon wainar sadaka ba ta fita titi ta tari kurkura, wato keke mai ƙafa uku, ta ce bayan Ƙofar Kaura. Ta san filin, sun taɓa zuwa da Nuhu. Ta same shi an zagaye da bulo, gini har ya kai linta, wato saman tagogi, tifa tana juye yashi. Ta tambayi wani magini na wa ne.

"Na Ciyaman ne," ya ce, yana nufin shugaban jam'iyya. "Honorabul Babaji ya ba shi, tun saura kwana uku a yi fidda gwani. Ai shi ya kawo mashi gunduma huɗu."

Saura kwana uku. Wato ran da ake tara mutane su ji wasiyya, an riga an sayar da ta gaskiyar.

Daga nan ta wuce Ƙofar Kwaya. Delu tana ƙofar gida a bakin kaskonta, tana tsame awara tana naɗe wa masu saye a cikin ragowar fastocin kamfen da aka watsar. Da ta hango Iklima sai ta miƙe da sauri, ta goge hannu, ta jawo mata kujera 'yar tsugunne. Aka gaisa. Ta yi mata barka da fita.

"Na ji muryarki a waya," Delu ta ce, tana juya awara. "Maƙwabciyata ta kunna min. Na sa ta maimaita ya fi sau goma. Ina cewa ko can ƙarshe zai ambaci ɗiyan Lawwali. Da na ji bai ambata ba, na ce to, kujera ce a ranshi har ya cika. Na ce Allah shi jiƙanshi, amma ba zan ɓoye maki ba, baki ne kawai ya hwaɗa."

"Ya ambace ku," in ji Iklima. "Wallahi ku kaɗai ya ambata. Waccan ba muryata ba ce."

Ta faɗa mata komai, tun daga ɗakin asibiti har bulon da ta baro yanzu. Delu ba ta katse ta ba. Awarar da ke cikin kasko ta ƙone, ba ta kula ba.

"Ranar da na zo gaisuwa," Delu ta ce a hankali, "kina da wanga zance a bakinki?"

"Ina da shi."

"Kika bari na tahi da shinkafa a leda."

Iklima ta sunkuyar da kai.

"Da kin hwaɗa min ranar, da na kwashi ɗiyana da tabarma mun je mun zauna a cikin hilin, ana tsakiyar neman ƙuri'a, in ga mai taɓa mu. Yanzu in je in ce mi? In ce matar da gari ya ce ta zare ta zo da wata wasiyya ta biyu?"

Delu ba ta jira amsa ba. Ta sauke kaskon. Ta jawo fasta ɗaya daga cikin tarin, ta daɗe tana kallonta, sannan ta yaga ta biyu a hankali, daidai tsakanin wa da ƙane. Rabin da ke da fuskar Babaji ta mayar cikin na naɗe awara. Rabin Nuhu ta share masa maiƙo da gefen zanenta, ta ninke, ta miƙa wa Iklima.

"Shi kam na yahe mashi yanzu, har zuciya," ta ce. "Ya ba da saƙo, ya hita. Saura ku da aka ba."